Yadda ake haɗa auren doyar daji da ta gona

Masu cewa a dasa doyar daji kusa da ta gona a bar ƙwari su yi barbarar suna ɓata wa mutane shekara ne. Doya namiji daban, mace daban, kuma furen namiji kan riga na mace buɗewa, don haka aikin duka a kan lokaci ya rataya. Zaɓi uwa daga farar doya wadda aka san tana fure, uba daga doyar daji mai jure cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Dasa namijin kashi-kashi da tazarar mako biyu, ka kafa dogayen sanduna, domin doyar da ba ta hau sama ta sha rana ba ba ta cika fure ba.

Wurin da ake faɗuwa shi ne rufe furen mace. Kwanaki kaɗan kafin ya buɗe za ka sa masa jakar yadi mai matsattsen saƙa ka ɗaure bakin, saboda ƙwarin da ke yi wa doya barbara ƙanana ne ƙwarai, gidan sauro ba ya tare su. Kada a yi da leda, tana dafa fure. Ranar da furen macen ya buɗe, tsinko furen namiji da hantsi, ka ɗauko ƙullin garinsa da bakin allura ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ka ɗora a tsakiyar furen mace wajen tsakar rana. Garin yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, karkaɗa reshe aikin banza ne. Mayar da jakar, rataya takarda mai sunan uwa da uba, ka cire jakar bayan kamar mako biyu. Mafi yawan furannin za su zube, sai a yi da yawa. Wanda ya kama zai zama kwanso mai fiffike 3, ƙwaya ba ta wuce 6 a ciki. Bari ya bushe, ka adana ƙwayar wata 3 zuwa 4 kafin ta yarda ta tsira a gadon reno.

Za a ce doyar daji ɗaci da ƙaya za ta kawo, ga nutsewa cikin ƙasa har haƙa ya gagara. Haka ne, 'ya'yan farko da yawa ba sa sakwara. Maganinsa a sake haɗa waɗanda suka gaji juriyar da doyar gona, a riƙa tankaɗe na banza kaka bayan kaka, abin da kan kai cibiyoyi irin IITA ta Ibadan da NRCRI ta Umudike shekara 8 zuwa 10. Kuma jinin dajin ba baƙo ba ne: binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2020 ya nuna farar doya kanta ta samo asali ne daga haɗuwar doyar daji biyu, ta kurmi da ta fili. Kada dai ka yanke wa tsiro hukunci da 'yar doyar shekarar farko, sai ka sake dasa ta ka ga girmanta na gaskiya.