Darasi: In bolan mota ya yi tauri

Ƴan'uwa, motar kasuwa rayukan mutane take ɗauke da su. In bolan, wato sitiyari, ya yi tauri, direba ba ya iya kauce ma rami ko saniya da sauri. Ga abin da za a duba, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

1. Tayun gaba. In iskarsu ta rage, bolan yana nauyi. A ƙara musu iska.

2. Man bolan. Motoci da yawa suna da ɗan gwangwaninsa kusa da inji. In ya sauka, a cika da irinsa. Kada a zuba man birki. In yana ɗiga ƙasa, mai yiwuwa tiyo ya huje.

3. Bel. In ana jin ƙara lokacin juya bolan, mai yiwuwa bel mai juya famfon man ya saki. A ɗaure shi ko a canza.

4. Gaɓoɓin ƙarfe da ke juya tayu. Rairayi da ƙura suna busar da su. A wanke, a sa giris.

In bolan bai saki ba, a kai mota gareji. Kada a ɗauki kowa sai an gyara.

Tambaya: mi ya kamata a fara dubawa?