MALAMIN MAKARANTA DA WAYAR HANNU

Hakimai da magatakardansu sun sha kawo kuka cewa malaman makaranta na yanzu ba su da aiki sai duban waya. Wani lokaci kukan gaskiya ne. Amma ba kowane malami da aka gani ya sunkuyar da kai bisa waya ne ya ke wasa ba, sabo da haka ya kamata wanda ke riƙe da ƙasa ya san abin da ke cikin na'urar nan, don ya iya rarrabe mai aiki da mai shiririta.

A cikin watan Agusta na 2001 aka fara amfani da wayar hannu ta GSM a Nijeriya. Da fari magana kaɗai a ke yi da ita, sai ɗan gajeren saƙo. Daga baya aka kawo manyan wayoyi masu shiga intanet, watau hanyar da ta haɗa kwamfutocin duniya har mutum ya iya karanta abin da aka ajiye a wata ƙasa yana zaune a ɗakinsa. A cikin intanet akwai wuraren da a ke kira dandalin sada zumunta, inda jama'a ke musayar rubutu da hoto da murya. Facebook an kafa shi a 2004, YouTube a 2005, WhatsApp a 2009.

Abubuwa uku suka tilasta wa malamai kula da wannan sha'ani. Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ta koma bisa kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa ganin irin wannan ba kuwa ya kan ruɗe ko da ya san amsa. A 2017 Hukumar Rajistar Malamai ta fara yi wa malamai jarrabawar ƙwarewa, ita ma bisa kwamfuta. Sa'an nan a watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan duka sabo da annobar korona, yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen watan Oktoba. Jihohi da dama na Arewa suka riƙa ba da darussa ta gidan rediyo.

YADDA MALAM YA FARA

Ga misalin wani malamin firamare na ƙauye, wanda ya haura shekara hamsin, ya kuma yi fiye da ashirin da biyar yana riƙe da alli. Ɗansa ya saya masa babbar waya, amma iyakar abin da ya ke yi da ita ya kira, a kira shi. Da zaman gida ya yi tsawo a shekarar annoba, sai ya tafi wurin wani saurayin malami da aka kawo makarantarsu, wanda dā ɗalibinsa ne a aji huɗu. Ya ce masa, "Malam, yau ni ne ɗalibi." Saurayin ya ce, "Haba Baba, ai ba a yi haka ba." Amma dai suka zauna.

Wannan zaman shi ne mafi wuya duka. Dattijai da yawa sun fi son su mutu ba su sani ba da su tambayi yaron da suka koyar. Wanda ya haɗiye wannan kunya, sauran aikin ba shi da wani nauyi.

Abu na farko da ya koya shi ne rubutu. Wayar ba ta da ƙ da ɗ da ɓ, har sai da aka shiga wurin zaɓen harshe na allon rubutu aka ƙara Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyar da yara karatu, gama in aka bar lanƙwasa, ba a rarrabe "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi". Daga nan aka sa shi cikin wani zauren WhatsApp na malaman gundumar. Zaure a nan shi ne taron mutane da aka haɗa lambobinsu wuri ɗaya, abin da ɗaya ya aika kowa ya gani. Mako biyu bai ce uffan ba, yana karanta na wasu. Ran nan ya yi ƙuru ya tambaya ta saƙon murya yadda za a nuna wa 'yan aji uku cewa sulusi ya fi rubu'i, tun da su kullum gani su ke huɗu ta fi uku. Kafin la'asar wata malama daga wani gari ta aiko da hoton kara biyu masu tsawo ɗaya, an karya guda gida uku, guda gida huɗu, an jera gutsattsarin gefe da gefe. Da aka koma makaranta ya sa kowane yaro ya zo da kara.

A lura da abin da ya faru. Babu yaron da ya taɓa waya a cikin wannan darasi. Wayar ta yi wa malam aiki da dare, da safe kuwa kara da allo suka yi wa yara. A ƙauyukanmu, inda aji ɗaya ya kan ɗauki yara saba'in ko fiye, yawancin amfanin intanet ta wannan hanya ya ke isowa.

Daga baya ya san Nigeria Learning Passport, wata taskar darussa da Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da kamfanin Microsoft. Ba a biyan kuɗin shiga, akwai kuma darussa da Hausa a ciki. Amma shiga intanet kanta sai da data, watau awon da kamfanin waya ke sayarwa, kamar yadda a ke sayen kananzir da kwalba. Rubutu da saƙon murya kaɗan su ke sha, bidiyo kuwa zuƙa ya ke yi. Malam ya ƙone datar wata guda cikin kwana uku kafin ya gane wannan. Sai ya koma sauke abin da ya ke bukata ranar kasuwa, sa'ad da ya je babban gari inda sabis ya fi ƙarfi, ya ajiye a memorin waya, ya kuma tura wa abokan aikinsa ta Bluetooth ba tare da an kashe ko kwabo ba. Wannan dabara ta ajiya tana da daraja: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta sabo da sha'anin tsaro, malamin da ke da ajiya kaɗai ya ci gaba da amfana da wayarsa.

INDA YA YI TUNTUƁE

Da hannunsa ya faɗa, sai ya buɗe zaure na iyayen yara, yana aika aikin gida ta nan. Bayan 'yan makonni ya ga 'ya'yan mai shago da na ma'aikacin asibiti suna ta gaba, saura kuwa ko labarin aikin ba su ji ba, domin gidajen da ke da babbar waya ba su kai ɗaya cikin biyar ba, inda akwai ta ma tana aljihun maigida a gona ko a ci-rani. Ya daina. Ya kafa wa kansa ƙa'ida cewa duk abin da za a tambayi yaro a kai, sai an rubuta shi bisa allo kowa ya kwafa.

Wata rana kuma ya tura wa zauren wani saƙo da ya zo masa cewa Gwamnati za ta raba wa ɗalibai kuɗi, a aika da suna da lambar asusu. Ƙarya ce ta 'yan damfara. Irin wannan ba sabo ba ne. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa suka kwanta asibiti, wasu suka rasu. Maganar malami tana da nauyi a ƙauye, abin da ya tura a kan ɗauka ya tabbata. WhatsApp ya kan sa alama bisa saƙon da aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. In aka ga alamar, ba a kuma san wanda ya fara rubutawa ba, a tsaya a tambayi ofishin Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma. Haka nan lambobi shida da a kan aiko wa mutum ta waya ba a faɗa wa kowa su, ko da mai tambaya ya ce daga ofis ya ke, gama da su a ke ƙwace zaure a riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi.

Tuntuɓe na uku shi ya fi ciwo. Ranar ba da sakamako malam ya ɗauki hoton 'yan aji shida da suka ci jarrabawa, ya sa a Facebook don murna. Cikinsu akwai 'yan mata. Wani ɗan garin da ke Legas ya ga hoton, ya bugo wa mahaifin ɗaya daga cikinsu waya. Kashegari yarinyar ba ta zo ba, ita ce kuwa ta zo ta ɗaya. Kafin mako ya ƙare wasu uku sun bi ta.

Dagaci ya kai magana gaban hakimi, aka kira malam da mahaifin yarinya. Malam ya zube ya ce, "Ranka ya daɗe, alheri na nufa." Hakimi ya ce, "Mun sani, Malam. Amma 'yar wa ka nuna wa duniya, ka kuwa tambaye shi?" Malam ya goge hoton a gaban jama'a, ya ba da haƙuri, ko da ya ke abin da ya shiga intanet ba a iya tabbatar da an share shi sarai, don wani yana iya riga ya kwafa. Uku suka komo. Ta farin sai da liman ya sa baki, bayan wata guda, sa'an nan mahaifinta ya yarda.

Mahaifin nan bai wuce haƙƙinsa ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ce in za a nemi yardar yin amfani da bayanan yaro, wurin iyayensa ko waliyyinsa za a nema. Shekara da shekaru hakimai suka yi suna lallashin talakawa su saki 'ya'ya mata zuwa makaranta, hoto guda yana iya rushe wannan aiki a unguwa.

RABON HAKIMI DA MAGATAKARDA

A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, hakimi ne ya kan sa a yi shela a taru a ƙofar fada in motar majigi ta zo, magatakarda kuwa shi ke riƙe da lissafin azuzuwa. Aikin yau bai yi nisa da wancan ba. In hakimi ya fita rangadi ya tarar da malami da waya, abin tambaya shi ne ya nuna darasin da ya samo da ita cikin makon nan, da kuma inda ya sauka a littattafan yara. Mai aiki zai nuna nan take. Amsa waya ko hira a cikinta lokacin darasi kuwa laifi ne da za a kai wa hedimasta.

Babbar wahalar malamin ƙauye ita ce caji. Inda fada ko asibiti ke da sola, barin malamai su sa wayoyinsu gudummawa ce mai yawa, ba ta kuwa cin kome. Yana da kyau kuma kwamitin makaranta ya zauna da iyaye a farkon shekara, a yanke ko za a ɗauki hoton yara, da inda za a sa shi, magatakarda ya rubuta sunayen waɗanda suka yarda da waɗanda suka ƙi, a ajiye takarda ɗaya a fada, ɗaya wurin hedimasta. In an buɗe zaure na iyaye, a saita shi yadda hedimasta da mutum ɗaya daga kwamiti kaɗai ke iya aika saƙo, kowace sanarwa da aka aika ta nan kuma a ba mai unguwa ita ya faɗa da baki bayan sallar Magariba, domin gidajen da ba su da waya.