Darasi na 14: Kowace mota da aikinta

Habu yana zaune da iyayensa a Zongo, cikin birnin Kwatano. Ran nan Kawu Isa ya zo daga Malanville da kuɗin da ya shekara 5 yana tarawa. Yana son ya sayi motar ɗaukar albasa.

Ran Asabar suka hau zemijan zuwa Sekandji. Can ake sayar da motocin hannu da jiragen ruwa ke kawowa daga Turai. Sun shahara ƙwarai, har Hausawan Nijeriya kan kira irin motar nan "kwatano".

Habu ya nuna wata ja mai sheƙi, ya ce, "Kawu, sayi wannan!"

Kawu ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, wannan salun ce. Ƙofarta 4, tana ɗaukar mutum 5. Wurin kayanta yana baya, a rufe. Buhu 2 ya cika shi. In na saye ta, albasata sai ta ruɓe a gona."

Suka matsa gaba. Kawu ya ce, "Ga wagon. Rufinta ya miƙe har baya, inda take da ƙofa ta biyar. Wata tana da layin kujeru 3, ta dace da haya. Waccan doguwar kuwa jif ce. Tayoyinta 4 duk suna ja, ba ta tsoron yashi ko taɓo, amma akwai ta da shan mai. Ga kuma ƙaramar bas, ita fasinja ta sani."

Can ƙarshen layi suka tarar da wata fara. Gabanta mazaunin direba ne, bayanta a buɗe, an yi masa rumfar tamfal. Kawu ya ce, "Yauwa! Ga akori-kura. Ita na zo nema."

Habu ya ce, "Kawu, ai fuskarta ɗaya da wagon ɗin can!"

"Ka lura da kyau. Dukansu Peugeot 504 ne. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968. An yi salun, an yi wagon, an yi akori-kura. An kuma daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna. Sunan ɗaya ne, jikin ne ya bambanta."

Kawu ya durƙusa, ya duba ƙarƙashinta ko da tsatsa. Ya saurari inji, sannan aka yi ciniki.

Habu ya waiwayi jar motar. Kawu ya dafa kansa, ya ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Kalmomi
salun: la berline
wagon: le break
jif: le 4x4
ƙaramar bas: le minibus
akori-kura: la bâchée

Tambayoyi
1. Daga ina Kawu Isa ya zo?
2. Don me bai sayi salun ba?
3. Mene ne bambancin salun da wagon?
4. Tsaya bakin titi, ka ƙirga irin motocin da suka wuce.