Yanbu'u: Ƙofar Madina Ta Bakin Teku

Da yawa daga cikinmu mun ziyarci Madina sau biyu ko uku, amma ba mu taɓa tambayar ta ina birnin ke samun ruwa ba, alhali yana zaune tsakanin duwatsu da busasshiyar ƙasa. Aikina na injiniya ne ya sa na bi sawun wannan tambaya, sai ta kai ni Yanbu'u, garin da ke gaɓar Bahar Maliya, fiye da kilomita 200 yamma da Madina.

Sunan garin daga ɓuɓɓugar ruwa ya samo asali, domin kwarinsa na cikin ƙasa, wanda ake kira Yanbu'un Dabino, ya shahara da idanun ruwa. A wannan yanki ne Annabi (SAW) ya fita yaƙin Ushaira a shekara ta 2 bayan Hijira, yana neman ayarin Ƙuraishawa mai tafiya Sham. Ayarin ya riga ya wuce, kuma dawowarsa ce ta zama sanadin Badar. A nan ne kuma Sayyidina Ali (RA) ya haƙa idanun ruwa, ya mayar da su waƙafi.

A zamanin Sayyidina Umar (RA), jiragen hatsin Masar na sauka ne a Jar, kudu da Yanbu'u, daga nan raƙuma su kai shi Madina. Da Jar ta durƙushe, sai sarakunan Ayyubawa suka raya Yanbu'u a ƙarni na 13, ta zama mashigar abinci da alhazai. Har yau tsohon garin na nan da gidajensa na dutsen murjani da tagogin katako, da Kasuwar Dare, inda tun da can masunta da matuƙan jirgi ke cinikinsu bayan faɗuwar rana.

A 1975 gwamnatin Saudiyya ta kafa hukumar raya Jubail da Yanbu'u. Aka shimfiɗo bututun mai na kimanin kilomita 1,200 daga gabashin ƙasar, aka gina matatu da tashar jiragen ruwa. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne masana'antun cire gishiri daga ruwan teku. Wasu na tafasa ruwan su tattara tururinsa, wasu na matsa shi da ƙarfi ta cikin mataci mai ƙananan ƙofofi. Daga nan injuna su yi ta tura shi a bututu, yana hawan tudu, har ya isa Madina. Kowace lita ta ci wuta, ta ci dukiya.

Shawarata ga mai zuwa Umara, musamman da iyali, ya ware wuni guda. Tafiyar awa biyu da rabi ce a mota. Yara za su ga ruwa garai-garai a Sharm, da Dutsen Radwa daga nesa, su ci kifin da aka kamo da safe. Wanda ya zo a ƙarshen hunturu yana iya tarar da bikin furanni.

Idan an koma masauki aka buɗe famfo don alwala, a tuna nisan da ruwan ya yi kafin ya taɓa hannu, a rage ɓarna. A kuma tuna cewa a garuruwanmu na gida mata da yara na kwana a layin rijiya, kuma waƙafin ruwa irin na Sayyidina Ali bai fi ƙarfinmu ba in muka haɗa hannu. Allah Ya ba mu iko, amin.