Ƙaramar baƙuwa da ba ta cin alkama, ba ta shan nono

A ƙasarmu, in baƙo ya sauka, tun kafin a tambaye shi labarin hanya ake kawo mishi ruwa, sa'annan a dama fura da nono. In yaro ne, akan ƙara mishi da burodi, ko fanke, ko biskit. Haka muka gada, kuma abu ne mai kyau. Amma akwai yaran da irin wannan tarba take kwantarwa. Jikinsu ba ya karɓar alkama, ko nono, ko duka biyun.

Ga misali. Wata mata ta zo daga Yamai za ta yi aikin kwana uku a Maraɗi. Ta kawo ɗiyarta Zali, mai shekara 5, gidan yayarta.

— Yaya, ga Zali nan. Likita ya hana ta duk abin da aka yi da alkama, da duk abin da ya fito daga nono.

— Ikon Allah! Ko kurɓin fura guda?

— Furar ba ta da laifi, Yaya, nonon ne. Ko kaɗan ta sha, sai jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, ta kama amai.

Kaka tana zaune bisa tabarma tana saurare. Sai ta ce:

— Mu dai a zamaninmu ba mu san wannan ba. Yaron da bai sha nono ba, da me zai yi ƙashi?

— Inna, don Allah a yi haƙuri a kiyaye. Ni na kwana da ita gidan likita, na ga abin da idona.

Kaka ba ta yi ƙarya ba: nono abinci ne mai gina jiki, alkama ma haka. Yawancinku kuna ci kuna sha, lafiya lau. Amma jikin Zali dabam ne. Ba tsirfa take yi ba, ba kuma uwarta ce ta sangarta ta ba.

Me ke cikin alkama?

Ku kwaɓa garin alkama, ku dunƙula, ku yi ta wanke shi a hankali cikin ƙwaryar ruwa. Ruwan zai yi fari. A hannunku wani abu zai rage mai danƙo, yana miƙewa kamar roba. Sunansa guluten. Shi ke sa burodi ya tashi, ya yi laushi. Akwai shi cikin alkama da sha'ir, da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira seigle da Faransanci. Babu shi cikin hatsinmu, ko dawa, ko masara, ko shinkafa. Shi ya sa ƙullun hatsi ba ya miƙewa.

Cikin ƙaramin hanjin mutum akwai ƴan tsiro ƙanana masu yawan gaske, kamar gashin tawul. Su ke tsotse amfanin abinci su kai shi cikin jini. Ga yaro irin Zali, in guluten ya shiga, sai jikinsa ya ɗauke shi abokin gaba, ya tashi faɗa. Wajen faɗan nan ƴan tsiron suke lalacewa, hanji ya zama sumul. Daga nan yaro yana ci amma abincin ba ya kama shi. Yakan yi zawo, ciki ya kumbura, jini ya ragu, ya rame, sa'o'insa su wuce shi girma. Likitoci suna kiran wannan ciwo maladie cœliaque. Maganinsa guda ne: a bar guluten har iyakar rai. In an bari, hanjin yakan warke.

An daɗe ba a san mafarin ciwon ba. Wani likitan yara na ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya yi zargin alkama. A 1944 da 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, aka yi yunwa mai tsanani a ƙasarsu, burodi ya yi wuya. Sai ya ga yara masu wannan ciwo sun samu sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. A 1950 ya rubuta abin da ya gano. Yanzu an ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 100 a duniya yana da shi. Kada ku ce ciwon Turawa ne. A wani binciken da aka buga a 1999, an auna yaran Sahrawi da ke zaman gudun hijira a Aljeriya, aka samu fiye da 5 cikin 100 suna da shi.

Nono kuma fa?

Nan abu biyu ne, mutane sukan haɗa su. Wani, sukarin da ke cikin madara ne cikinsa ba ya iya narkarwa. In ya sha da yawa sai ciki ya yi ta ƙugi, ya yi zawo. Wannan da sauƙi, sau da yawa ma yakan iya shan kindirmo kaɗan. Wani kuwa jikinsa ne yake ƙin nonon baki ɗaya, ko ɗigo ne. Irin na Zali ke nan, kuma shi ne mai haɗari. Dafa madarar ba ya hanawa. Nonon akuya da na tunkiya ma yawanci ba su zama mafita, don sun yi kama da na saniya ƙwarai. Mai masauki ba shi ne zai yanke ko wane iri ne ba. Ya tambayi uwa, ya bi abin da ta ce.

To, me za a dafa?

Gwaggon Zali ta damu a banza, don rumbunta cike yake da abin da yarinyar za ta ci. Da safe koko ko kunun tsamiya, da ƙosai. Da rana shinkafa da wake da man gujiya, ko dambun masara da zogale. Da dare tuwon hatsi ko na dawa, da miyar kuka ko ta kuɓewa. Nama, kifi, ƙwai, dankali, rogo, kabewa, duk ba su da laifi. Haka mangwaro, ayaba, lemu da dabino. Fura ma ta sha, a dama mata da ruwa mai tsabta, a zuba ɗan garin ƴaƴan kuka don tsami. A Maraɗi kuwa, ƙasar aya, ga kunun aya fari tas, babu ɗigon nono ciki in an yi shi a gida. Tambayar Kaka ma tana da amsa: ganyen kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci har da ƙaya, duk suna taimakon ƙashi.

Abincin da za a bari ba shi da wuyar ganewa: burodi, taliya, makaroni, kuskus, fanke, funkaso, alkaki, biskit, da madara, kindirmo, cuku, man shanu. Inda aikin yake shi ne abin da ido ba ya gani.

Man shanun da ake zuba bisa tuwo nono ne. Masu ɗanwake da masu masa da yawa suna ƙara garin alkama, don haka a tambaya kafin a saya. Man da aka soya fanke ciki, kada a soya ƙosan Zali da shi. Rariyar da ta tankaɗe alkama, sai an wanke ta sosai, in da wata ma ya fi. Haka ƙwaryar nono da ludayinta. Injin niƙa ma abin lura ne, musamman a wuraren da ake noman alkama, kamar Ƙonni da lambunan Ayar: in an niƙa alkama kafin hatsinku, garin zai gauraya. Gara a daka a turmi mai tsabta. Kada ku ce abin ya yi yawa. Kafin a rubuta sans gluten bisa abinci, ƙa'idar duniya ta ce kada guluten ya wuce miligiram 20 cikin kilo guda. Ɓarɓashin burodi ya isa ya ɓata kwanon tuwo.

Abin kanti kuwa, a nan karatunku zai yi amfani. Ku juya kwalin, ku nemi inda aka rubuta ingrédients, ku karanta ma Inna. Har dunƙulen miya da alewa ku duba, don wasu suna da alkama ko madara. Lemun da ake kira malta da sha'ir ake yin shi. In babu rubutu, ko ya goge, a aje shi.

Wasu gidaje sukan dafa ma yaron nashi dabam, ya zauna gefe da ɗan kwanonsa yana kallon sauran. A ganina wannan ba tarba ba ce. Ciwon ba a ɗaukarsa, ko wajen wasa ko wajen ci. Ya fi kyau gida duka su ci abin da baƙo zai iya ci, a kwano guda, bayan kowa ya wanke hannu da sabulu. Kwana uku babu man shanu bai taɓa kayar da kowa ba.

Ku yara, ku ne kuke yini da baƙuwar. Ita ƙarama ce, in ta ga biskit a hannunku za ta miƙo hannu. Kada tausayi ya sa ku gutsura mata a ɓoye. In kun shiga maƙwabta aka kawo fura da nono, ku ce da ladabi: «Gwaggo, mun gode, amma likita ya hana ta nono.» In kuma an yi kuskure ta ci, ku faɗa ma babba nan take, ba wanda zai yi muku faɗa. Alkama takan nuna kanta bayan awoyi ko kwanaki. Nono kuwa yana iya tashi cikin mintoci. In kun ga leɓenta ko fuskarta ta kumbura, ko tana numfashi da ƙyar, ko jikinta ya saki, a kai ta gidan likita mafi kusa da gudu, tare da maganin da uwarta ta bari. Ba a jira a gani.

Mu koyi kalmomi

alkama: le blé, sha'ir: l'orge, gari: la farine, madara, nono: le lait, man shanu: le beurre, cuku: le fromage, babu guluten: sans gluten, ƙila akwai ɓurɓushin abu kaza: peut contenir des traces de.

Mu amsa

1. Don me ƙullun alkama yake miƙewa, na hatsi ba ya miƙewa?
2. Me Willem Dicke ya lura da shi a 1944 da 1945?
3. Gwaggo ta soya fanke, man ya rage. Za ta soya ma Zali ƙosai da shi? Don me?
4. Wani ɗan ajinku ya yi zawo bayan ya ci burodi. Wa zai iya cewa ko yana da wannan ciwo: kai, ko kakarsa, ko likita?

Aikin gida

Ku kawo kwali ko ledar abinci guda biyu daga gida. Ku ja layi ƙarƙashin kowace kalmar Faransanci da ke nuna alkama ko nono. Sa'annan ku rubuta abin da Zali za ta ci ranar kasuwar garinku, safe da rana da dare.