Darasin Bana: Tsara Kayan Sayarwa Ga Mai Ƙaramar Sana'ar Hannu, Misali Daga Dukanci

 

Darasin bana ya taso ne daga tambayar da ta daɗe tana damun kwamitinmu na bibiya: me ya sa gwanin sana'a yakan karɓi jari daga dukiyar zakka, ya yi aiki tuƙuru, amma kafin shekara ta zagayo sai a same shi ya dawo cikin masu neman taimako? Mun ɗauki dukanci a matsayin misali, sai dai abin da za mu faɗa ya shafi mai ɗinkin hula da mai saƙar faifai da mai haɗa turaren wuta.

Ya kamata mu fara da matsayin dukiyar kanta. Malaman Shafi'iyya, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo a cikin al-Majmu', sun tafi a kan cewa a ba matalauci mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa, gwargwadon yadda sana'ar za ta riƙe shi. A mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ya halatta a ba shi abin da zai ishe shi shekara, ko da ya haura nisabi. Amma zakka mallakarwa ce. Da zarar ta shiga hannunsa ta zama tasa, ba mu da ikon karɓe ta ko ɗora masa sharaɗi bayan haka, sai dai shawara. Dukiyar waƙafi daban take, domin asalinta a tsare yake, amfaninta kawai ake ci. Keken ɗinkin fata da aka saya da kuɗin waƙafi amana ce a wuyanmu. Ta kowace fuska, in jarin ya narke akwai wanda aka tauye: ko mai karɓar da ya koma gidan jiya, ko wani mabuƙaci da aka tsallake domin a ba shi.

Dukanci ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa. Fatar jar akuya ta Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara har ta kai Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko, kuma Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ambaci takalma cikin kayan da birnin ke fitarwa. Har yau majema na jima da bagaruwa, ana rina ja da karan dafi. Ƙwarewa dai akwai ta. Inda muka ga ana tuntuɓe shi ne wajen zaɓar abin da za a ɗinka.

Wani baduku da muka ziyarta ya buɗe mana buhunsa cike da alfahari, sai ga tumtum, ga gafaka, ga kube, ga takalma, ga jakar mata, ga ragamar doki, kowanne guda ɗaya ko biyu. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma kowane nau'i ya ci irin fatarsa da launinsa da kayan haɗinsa, jarin ya watse a cikin kayan da ke jiran mai rabo. Da wani ɗan kasuwa ya ga jakar ya nemi guda 20 iri ɗaya, sai aka rasa kuɗin fata, aka kuma rasa ma'aunin da aka yanka ta farkon da shi, domin da ido aka yanka ta. Cinikin ya wuce shi.

Shawararmu ita ce mai ƙaramin jari ya tsaya a kan kaya kaɗan, uku ko huɗu, waɗanda suka fito daga fata iri ɗaya da launi biyu ko uku, kuma mai saye ɗaya zai iya buƙatar su duka. Fatar ce da kanta ke nuna yadda za a raba ta. Tsakiyar baya ta fi ƙwari da kyan fuska, can ake fitar da babban kaya irin jaka ko gafaka, wanda ke ɗauke da sunan mai sana'ar. Gefen ciki ya fi laushi da miƙewa, ya dace da shafi da aljifan walat. Guntayen da suka rage, waɗanda da yawa ke sharewa da yamma, su ne maƙalin makulli da igiyar zif. Babban kaya yakan jima kafin ya fita. Ƙananan su ke kawo kuɗin cefane kullum, su hana mutum taɓa uwar kuɗi.

Ga lissafi, kuma lambobin na misali ne kawai. A ɗauka fata ta tsaya wa baduku a kan naira 8,000, zare da zif da gam da shafi sun ci 4,000, ya yi kwana biyu yana ɗinki, ya sayar da jakar 15,000. Zai ce ya ci ribar 3,000. Alhali wannan ladan kwana biyunsa ne, ba a ma cire kuɗin mota zuwa majema ba. In kuwa ya fitar da walat biyu da maƙalin makulli huɗu daga ragowar fatar, suka kawo 5,000, to a nan ne ribar ta fara. Mun lura da yawa daga masu sana'armu suna jin nauyin sanya wa guminsu farashi, kamar yin hakan kwaɗayi ne. Ba mu san wani dalili na shari'a da ya hana ba. Ijara halal ce, kuma wanda ya ɗauki kansa aiki ya cancanci ladan da zai biya wani.

Sai batun ma'auni. Kowane kaya a yanka masa samfuri na kwali mai kauri, a rubuta tsawo da faɗi, a adana. Kada a ƙara sabon nau'i sai an ɗinka kaɗan an gwada, an ga masu saye sun dawo nemansa da kansu, ba yabon 'yan'uwa kawai ba. Wanda ya shekara bai motsa ba a sauke farashinsa a fitar da kuɗin. A kuma lura da lokaci: takalma da kayan doki suna tafiya gab da Sallah, gafaka lokacin saukar karatu, fata takan yawaita bayan Babbar Sallah, damina kuma takan sa kayan da aka jibge su yi fumfuna.

Tsayayyen samfuri yana da fa'idar fiƙihu da ba a cika lura da ita ba. Cinikin abin da ba a riga an ƙera ba, wato istisna'i, wanda malamanmu na Malikiyya suka shigar da shi babin salam, yana buƙatar sifa sananniya da adadi da wa'adi. Baduku mai samfuri zai iya cewa irin wannan, guda kaza, rana kaza, ya karɓi kuɗi a gaba ya sayi fata, ba tare da jahilcin da ke ɓata ciniki ba. Haka nan wajibi ne a bayyana aibi. In rinin yana zuba a farin tufafi a faɗa, in an haɗa da fatar roba a ambata. Ɓoye wannan algus ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya.

Wanda Allah Ya buɗa wa har kuɗinsa da ƙimar hajarsa suka kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo, zai fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Keke da basilla da sauran kayan aiki ba sa shiga lissafin. Ya tuntuɓi kwamitin malamai kan yadda zai ƙiyasta abin da ya ɗinka da hannunsa, domin akwai tafsili a mas'alar.

Daga shekara mai zuwa, in Allah Ya so, duk mai neman kayan aiki daga asusun waƙafi zai zo da samfurin kaya uku da takardar lissafin kowanne. Wanda bai iya rubutu ba, ma'aikatan ofis za su zauna da shi su rubuta kafin kwamiti ya duba buƙatarsa.