Amsoshin Tambayoyinku: Kai iyali Disney World

Wata mai sauraronmu tana son kai iyalinta, mutum tara, Disney World karon farko.

To Hajiya, wurin yana kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, kuma dandali huɗu ne. Kada ki ce sai kun zaga duka. Ki fara da Magic Kingdom, wanda aka buɗe a 1971, nan yara suka fi so. Wanda bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, ɗan shekara 10 kuwa kuɗin babba zai biya. Ki auna tsawon kowane yaro tun a gida, domin wasu lilo sai an duba tsayi, kuma kukan yaron da aka mayar bayan dogon layi abin tausayi ne. Masauki kuwa, gidan haya mai madafa ya fi ɗakunan otal uku.